Gidan kallon dare a Unguwar Rimi, da daren da Atlanta ta ci maki 143 ta kuma sha kashi

Mai son ƙwallon kwando a Kaduna ya daɗe da sabawa da zaman saniyar ware. Gidajen kallo sun cika gari tun daga Kawo har Kakuri, amma kusan dukkansu na ƙwallon ƙafa ne, kuma da zarar an tashi wasan ƙarshe na Turai sai a kashe janareta a ja ƙofa. Wasannin gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuwa ana fara su ne bayan mun yi nisa a barci, domin a watannin hunturu agogon gabashin Amurka yana bayan namu da awa 6, saboda haka wasan da aka sa da magariba a can yakan faɗo mana wajen ƙarfe ɗaya na dare. Abin da yawancinmu muke samu shi ne guntayen bidiyo na minti biyu ko uku a waya da safe, waɗanda ba sa nuna komai sai ƙwallo tana faɗawa kwando. Na shafe shekaru a haka, har sai da ɗan ƙanwata, wanda yake buga wasan a makarantarsu, ya shaida mini cewa akwai wani gidan kallo a cikin Unguwar Rimi da yake kwana a buɗe a daren Juma'a da na Asabar saboda masu kallon NBA. Sau huɗu na je kafin na yarda in rubuta wani abu a kansa, amma mafi yawan abin da zan faɗa ya fito ne daga dare guda, wato Juma'a 26 ga Janairun 2024 wayewar Asabar, lokacin da Dallas Mavericks ta bi Atlanta Hawks har gida ta doke ta da maki 148 da 143.

Wurin tsohon garejin mota ne da aka faɗaɗa, aka yi masa rufin kwano, aka shafe bangon gaba da farin fenti. Akwai kujerun roba a sahu biyu na gaba da bencina na katako a baya, kuma idan aka matsa wa juna zai ɗauki mutum arba'in. A lokacin kuɗin benci naira 500 ne, kujera kuma naira 800, abin da ya ninka yadda na saba biya a kallon ƙwallon ƙafa. Da na yi wa mai gidan ƙorafi a zuwana na farko, bai ji haushi ba, ya lissafa mini cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lita ta haura naira 600, janareta kuma zai yi aƙalla awa huɗu yana aiki idan babu wuta, ga kuɗin data, ga kuɗin rajistar kallon wasannin ta intanet, alhali masu zuwa ba sa kai rabin waɗanda suke cika ɗakin ranar wasan Firimiya. Lissafin ya shiga hankalina, kuma ban sake tayar da maganar ba. Yakan sanar da wasan da zai nuna tun da rana a wani zaure na WhatsApp, kuma a zuwana huɗu bai taɓa sanar da wasa ya nuna wani daban ba, wanda a wurina babban abu ne ga mutumin da zai bar shimfiɗarsa cikin sanyi.

A wancan daren mun kai talatin, fiye da yadda aka saba, saboda an gama wasannin rukuni na gasar cin kofin Afirka da ake yi a Kwaddebuwa, kuma sai washegari Najeriya za ta kara da Kamaru, don haka wasu 'yan ƙwallon ƙafa da suka rasa abin kallo suka biyo abokansu. Galibin ɗakin yana bayan Atlanta ne, ba don komai ba sai don Onyeka Okongwu, ɗan wasanta da iyayensa 'yan Najeriya ne.

Abin da ya bambanta gidan da duk inda na taɓa kallo shi ne majigi. Maimakon talabijin da aka rataye a saman bango, mai gidan yana haska wasan ne daga kwamfutar tafi-da-gidanka zuwa kan farin bangon, hoton kuma yana da faɗin da mutum zai iya bin 'yan wasa goma a lokaci guda ba tare da ya ƙanƙance ido ba. Wanda bai saba da wasan ba zai ɗauka wannan jin daɗi ne kawai, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ƙwallon kwando, wanda yake riƙe da ƙwallo kowa yana ganinsa, har a wayar da ta fi kowace ƙanƙanta. Tsaro kuwa aikin mutum biyar ne, kuma yawancin kuskurensa yana faruwa ne nesa da ƙwallo, a wurin wanda ya juya kai ya manta da abokin gadinsa, ko wanda ya makara taku ɗaya wajen kai ɗauki, ko mutum biyu da suka bi ɗan wasa ɗaya suka bar wani a kusurwa shi kaɗai. Ƙaramin allo yana haɗiye duk wannan. A kan bangon nan kuwa babu inda mai laifi zai ɓuya, kuma a daren nan masu laifi sun yi yawa.

Luka Doncic, ɗan ƙasar Sloveniya da yake jagorantar Dallas a lokacin, ya ci maki 73 shi kaɗai. Wannan ne labarin da ya zagaya duniya da safe, kuma ya cancanci ya zagaya, domin a lokacin Wilt Chamberlain da Kobe Bryant ne kaɗai suka taɓa wuce wannan adadi a wasa guda, shi Kobe da maki 81 da ya zuba wa Toronto a 2006, Wilt kuma da maki 100 na shekarar 1962 da wani 78 kafinsa. Doncic ya kuma rushe tarihin ƙungiyarsa da shi kansa ya kafa a Disambar 2022, lokacin da ya ci maki 60 a kan New York Knicks. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri shi ne Atlanta ce ta zaɓe shi a matsayi na uku a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018, ta kuma miƙa shi ga Dallas a daren nan a madadin Trae Young da wani zaɓi na shekara mai zuwa. Amma mu da muka zauna minti 48 na wasan muna kallon bango, ba bajintar mutum ɗaya kaɗai muka gani ba. Mun ga ƙungiyar da ta san tun kafin a fara wasa ta inda za a zo mata, domin Kyrie Irving, na biyun Doncic wajen cin maki, bai buga ba saboda rauni a babban yatsa, amma duk da haka ta kasa rufe hanyar.

Idan aka warware makin nan 73, sai a ga inda tsaron ya ɓarke. Doncic ya yi jifa 33, guda 25 sun shiga. A cikinsu 13 daga bayan layin maki uku ne, 8 suka shiga, kuma wannan ana iya cewa rana ce ta yi masa kyau, domin wasu daga cikinsu ya yi su ne yana ja da baya, hannun mai gadi a fuskarsa, irin jifan da ba a zargin kowa idan ya shiga. Ya samu jifan kyauta 16 sakamakon ketar da aka yi masa, ya ci 15. Sauran jifa 20 kuwa daga cikin layi ne, kusa da kwando ko tsaka-tsaki, kuma 17 daga cikinsu sun shiga. Wannan adadi na ƙarshe shi ne takardar tuhumar Atlanta. Ba a cin 17 cikin 20 a cikin layi da sa'a, sai dai idan mutum yana isa wurin da yake so, a lokacin da yake so, ya tarar babu wanda ya riga shi tsayawa a can. Doncic ba mai gudu ba ne idan aka kwatanta shi da sauran taurarin gasar. Ƙarfin jiki yake da shi, da tsawo na kimanin mita biyu, da iya tsayawa cak bayan ya sa mai gadinsa ya zabura. Mutum irin wannan ana tare shi ne da haɗin kai, ba da zafin nama ba, haɗin kan kuwa shi ne abin da bai zo filin ba.

Akwai wani dattijo da yake zama a kujerar ƙarshe ta sahun gaba, lulluɓe da bargo, wanda kowa yake kira Baba Koci. Ya ce a Zariya ya koyi wasan yana saurayi, garin da Masai Ujiri ya tashi kafin ya zama shugaban Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Tsakaninsa da mai gidan akwai wata al'ada da na ɗauka ita ce mafi daraja a cikin duk abin da ake sayarwa a wurin. Wasan NBA yana da yawan tsayawa, kowace ƙungiya tana da damar neman hutun shawara har sau 7, ga hutun rabin lokaci na minti 15, kuma a irin waɗannan lokuta, maimakon a bar mu muna kallon talla ko 'yan rawa, mai gidan yakan mayar da hoton baya zuwa harin da dattijon ya nema, ya tsayar da shi, shi kuma ya tashi ya nuna da sandarsa a jikin bango. Bayan an gama sai a dawo daidai inda wasan yake.

A hutun rabin lokaci, lokacin da Doncic ya riga ya tara maki 41, ya sa aka mayar da hari uku a jere, kuma dukkansu abu ɗaya suka nuna. Dallas takan turo ɗan wasa ya tsaya kamar katanga a gefen mai gadin Doncic, shi kuma ya goga ta jikin katangar ya wuce. A nan masu tsaro suna da zaɓi kaɗan ne: ko mai gadin ya kutsa ya bi mutuminsa, ko su yi musaya wanda yake gadin katangar ya karɓi Doncic, ko su biyun su rufe shi tare su tilasta masa rabuwa da ƙwallo. Kowane zaɓi yana da tsadarsa, amma mafi muni shi ne su biyun su kasa yanke shawara ɗaya, ɗaya yana zaton musaya za a yi, ɗayan yana zaton bi za a yi. Rabin daƙiƙar nan ta shakka ita ce Doncic yake ci. Idan dogon mai tsaron ƙarƙashin kwando ya noƙe baya, sai ya tsaya a tsakiya ya jefa. Idan ya fito masa, sai ya sa kafaɗa ya wuce shi. Idan kuma aka yi musayar da ta bar masa wanda bai kai shi jiki ba, sai ya juya masa baya ya tura shi a hankali har gindin kwando. Dattijon ya buga sanda a kan inuwar wani ɗan Atlanta da yake tsaye a gefe, hannuwa a ƙasa, yana kallon abin da yake faruwa kamar ɗaya daga cikinmu, ya ce: “Ku dubi wannan yaron. Ba a gadi da ido, da ƙafa ake yi.”

Ɗan ƙanwata, wanda ya fi son Trae Young fiye da kowa a gasar, ya juyo ya ce mini: “Kawu, to me zai hana su sa masa mutum biyu tun daga tsakiyar fili?” Tambaya ce mai kyau, kuma wasan da kansa ya ba shi amsa daga baya. Da Atlanta ta ƙara matsa wa Doncic da mutum biyu, sai ta shiga halin gaba kura baya sayaki, domin shi ba mai rowar ƙwallo ba ne, ya gama wasan da taimako 7 ga abokansa, wato sau 7 ya miƙa musu ƙwallo suka ci, kuma duk lokacin da mutum biyu suka taru a kansa to saura uku ne suke gadin huɗu. Hakan yana yiwuwa ga ƙungiyar da ta saba, inda kowa ya san wanda zai rufe gurbin wane kafin ƙwallo ta isa, amma ga ƙungiyar da kowa yake jiran ɗan'uwansa ya fara motsi, sakamakonsa jifa ne a sarari daga kusurwa, inda layin maki uku ya fi kusa da kwando, mita 6.7 maimakon mita 7.24 na gaba. Mutane sun manta cewa sauran 'yan Dallas, ba tare da Irving ba, sun haɗa maki 75 a tsakaninsu. Da Atlanta ta bar wa Doncic nasa ta hana sauran, da ta ci wasan. Da ta hana shi ta bar sauran, da wataƙila ta ci. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne harin Atlanta ba shi da laifi ko kaɗan. Young ya ci maki 30, abokansa ma sun zuba nasu, har jimilla ta kai 143, adadin da a mafi yawan darare ya ishi ƙungiya ta ci wasa ta kuma hutar da manyanta tun kafin a tashi. Shi ya sa wasan bai taɓa yin nisa ba, kullum sai a ga kamar za su kamo, ɗakin ya ɗauki ihu, sannan a koma ɗaya gefen a ba da maki biyu cikin sauƙin da ya fi na samun su. A saman filin nasu kuwa a rataye take riga mai lamba 55 ta Dikembe Mutombo, mutumin Kwango da ya buga musu daga 1996 zuwa 2001, wanda sau huɗu ana ba shi kyautar gwarzon mai tsaro na shekara, kuma ya shahara da kaɗa yatsa bayan ya doke ƙwallon abokin hamayya. Kofin wannan kyauta tun 2022 sunan Hakeem Olajuwon ɗan Legas yake ɗauke da shi, wanda har yau babu wanda ya kamo shi a yawan tare jifa, guda 3,830. Baba Koci ya ambaci sunayen nan biyu fiye da sau goma a daren, kowane lokaci da ƙaramin tsaki.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa ba Atlanta kaɗai ce take fama ba. Kwana huɗu kafin wannan wasa Joel Embiid ɗan asalin Kamaru ya ci maki 70 a kan San Antonio, a daren kuma Karl-Anthony Towns ya ci 62 amma Minnesota ta faɗi a hannun Charlotte, sannan a daren da muke kallon Doncic, Devin Booker ya ci 62 a wasan da Phoenix ta faɗi a hannun Indiana. Dokokin gasar ma sun daɗe da karkata ga mai hari. Tun 2001 aka hana mai tsaro ya tsaya a fentin da ke ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku idan ba wani yake gadi ba, dokar da babu ita a wasannin ƙasa da ƙasa irin waɗanda D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, take bugawa, kuma tun 2004 aka tsananta hana dafa mai riƙe da ƙwallo da hannu. A watan Maris na wannan shekarar ta 2004 Detroit Pistons ta hana ƙungiyoyi biyar a jere kai wa maki 70, wato abin da ƙungiya guda ta kasa ci a wancan zamani shi ne mutum ɗaya ya wuce a daren nan. Duk da haka ban karɓi wannan a matsayin uzuri ba, domin doka ɗaya ce take kan ƙungiyoyi 30, kuma ba dukkansu ake zuba wa maki 148 a gida ba. Babu dokar da ta hana ɗan wasa ya koma baya da gudu, ko ya ɗaga murya ya gaya wa ɗan'uwansa cewa katanga tana zuwa ta hagunsa.

Sai dai gidan kallon shi ma yana da nasa guraben da ba a rufe ba, kuma na farko shi ne sabis. A tsakiyar zango na uku hoton ya daskare, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a tsakiyar bango kusan minti huɗu, kuma sai da mai gidan ya sauya zuwa layin wayarsa sannan aka ci gaba. Ko ba a daskare ba, hoton yana bayan ainihin wasan da kimanin rabin minti, abin da ba zai dami kowa ba in ba don waɗanda suke bin sakamako a waya ba, waɗanda sukan yi ihu kafin ƙwallo ta bar hannun mai jifa. Na roƙi mai gidan ya kafa dokar ajiye waya a aljihu, ya ce: “Alhaji, na sha faɗa, amma idan na matsa musu ba za su dawo ba.” Na fahimci tsoronsa, sai dai ina ganin yana ƙoƙarin riƙe mutum biyar ne yana ɓata wa ashirin da biyar.

Waɗannan masu wayar kuwa yawancinsu 'yan caca ne, kuma su ne babban abin da ya rage wa wurin armashi a idona. Suna zama a bencin ƙarshe, ba ruwansu da Atlanta ko Dallas, sun sa kuɗinsu ne a kan cewa jimillar makin wasan za ta haura wani adadi, saboda haka duk ƙwallon da ta shiga, ta kowace ƙungiya, murna suke yi, duk lokacin da aka yi tsaro mai kyau kuma sai su yi tsaki. A daren da aka haɗa maki 291 tsakanin ƙungiyoyin biyu, bakinsu bai rufu ba. Mutum yana ƙoƙarin jin bayanin dattijo a kan dalilin da ya sa aka bar kusurwa a buɗe, su kuma suna addu'ar a ƙara barin ta. Ba zan so yaro mai shekarun ɗan ƙanwata ya je wurin shi kaɗai ya zauna kusa da su ba, kuma na gaya wa mahaifiyarsa haka. Ya kamata a ce mai gidan, wanda ba shi da hannu a harkar tasu, ya raba musu wuri ko ya ja musu kunne.

Sanyi kuma ba a magana. Akwai tazara tsakanin bango da rufin kwano da aka bari don iska ta shiga a lokacin zafi, wadda a watan Janairu take zama ƙofar hunturu, har ana ganin ƙura tana yawo a cikin hasken majigi. Wanda zai je ya tafi da rigar sanyi da hula da safa, kuma ya biya kuɗin kujera, domin bencin ba shi da majingina, awa biyu da rabi a kansa kuma hukunci ne ga mai shekaru irin nawa. Janaretan yana bayan bangon hagu, ƙararsa takan danne muryar masu sharhi, amma wannan bai dame ni ba tun da sharhin da nake so a cikin ɗakin yake. Banɗaki ɗaya ne, ba shi da fitila, kuma ruwan buta yakan ƙare kafin a tashi. Ban taɓa ganin mace ko ɗaya a wurin ba, kuma yadda aka tsara shi ban ga inda za ta zauna ta sake ba.

Mai shayin da yake kafa teburinsa a bakin ƙofa ba na gidan ba ne, amma sun yi yarjejeniya ya kwana duk daren da ake wasa. Shayinsa yana da zafi da citta yadda ake so, kuma yana soya indomi da ƙwai ba tare da ya cika mai ba. Burodinsa dai na jiya ne a zuwana biyu cikin huɗu.

Inda mai gidan ya burge ni ƙwarai shi ne batun komawa gida. An tashi wasan wajen ƙarfe uku da rabi, lokacin da babu keke ko ɗaya a titi, kuma ba lokacin da mai hankali zai taka da ƙafa zuwa Malali ko Unguwar Sarki ba ne. Tsarinsa shi ne yakan kulle ƙofar waje da ƙarfe ɗaya da rabi, ba mai shiga sai wanda ya sani, kuma duk wanda ba shi da abin hawa yana iya zama har asuba ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Yakan shimfiɗa tabarmi biyu a gefe, wasu su kwanta, wasu kuma su ci gaba da kallon wasan yammacin Amurka da yake farawa wajen ƙarfe huɗu, idan akwai wuta ko kuma suka haɗa kuɗin ƙarin mai. Ni ina da mota, amma ban tafi ba a daren, domin bayan an tashi dattijon ya nemi a mayar da minti biyar na ƙarshe gaba ɗaya, kuma muka sake kallonsu a hankali mu bakwai, wannan karon ba wanda yake bin ƙwallo da ido, kowa an ba shi ɗan Atlanta ɗaya ya sa masa ido ya faɗi inda ya tsaya da inda ya kamata ya tsaya. Ɗan ƙanwata aka ba Young, kuma da aka zo kansa sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a ƙara mayarwa baya ya sake gani. Muna cikin haka ladanin masallacin layin ya kira sallah, mai gidan ya kashe majigi, muka fita neman ruwan alwala a wurin mai shayi saboda na butar ya riga ya ƙare.